Shiru Ma Magana Ce: Abin Lura Daga Rayuwar 'Yan Kweka

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce shiru ma magana ce. Sau da yawa idan Bahaushe ya kawo wannan karin magana, abin da yake nufi shi ne shirun budurwar da aka tambaya ko tana son wane, ko kuwa shirun dattijon da yaro ya ɓata wa rai. Amma akwai wasu mutane a duniya da suka ɗauki shiru suka mai da shi ginshiƙin ibadarsu, suka kuma mai da shi hanyar yanke shawara a tsakaninsu, yau fiye da shekara ɗari uku da hamsin ke nan. Su ne waɗanda aka fi sani da 'yan Kweka, ko da yake sunan da suka zaɓa wa kansu shi ne Ƙungiyar Abokai. Wani reshe ne na addinin Kirista da ya tsiro a Ingila a tsakiyar ƙarni na 17.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da waɗannan mutane? Amsa ita ce, ɗalibin harshe ba ya rasa abin koyo wurin mutanen da suka ɗauki magana da nauyi har suka ƙi furta ta sai da dalili. Ba tallar aƙidarsu na zo yi ba, domin tsakanina da su akwai rata mai faɗi ta wannan fuska. Abin da nake so in kafa a wannan ɗan rubutu abu ɗaya ne, watau cewa tunanin da mutum yake yi tsakaninsa da zuciyarsa, da zaman da yake yi da jama'arsa, kamar dutsen niƙa ne da ɗansa, ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Zuciyar da ba ta da jama'ar da za ta gwada ta takan ɓatar da mai ita. Jama'ar da ba ta da wurin mai faɗa mata abin da ba ta son ji kuwa takan yi barci a kan zalunci. 'Yan Kweka sun ɗanɗana waɗannan cututtuka biyu, sun kuma bar mana labarin yadda suka yi fama da su.

Asalin 'Yan Kweka

Wanda ake dangana kafa wannan ƙungiya gare shi shi ne George Fox, ɗan wani masaƙi, wanda aka haifa a shekarar 1624 a wani ƙauye na tsakiyar Ingila. Ya tashi yana koyon ɗinkin takalma. Samartakarsa ta zo daidai da zamanin da ƙasar ta rikice da yaƙin basasa tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisar Dokoki, yaƙin da ya kai ga fille kan sarkin a 1649. Ƙungiyoyin addini sun yi yawa, kowace tana iƙirarin ita ce a kan gaskiya. Fox ya bar gida yana ɗan shekara 19, ya yi ta yawo daga wannan malamin coci zuwa wancan yana neman wanda zai warkar masa da damuwar zuciyarsa, bai samu ba. Wajen shekarar 1647 ya kai ga matsayar da ya rayu a kanta har mutuwarsa a 1691. Matsayar ita ce Allah yana shiryar da bawansa kai tsaye ba tare da wani limami ya tsaya a tsakani ba, kuma akwai wani haske a zuciyar kowane mutum, namiji ko mace, ɗa ko bawa, wanda su a aƙidarsu suke dangantawa ga Almasihu. Idan mutum ya natsu ya saurari wannan haske, zai tona masa laifinsa ya kuma nuna masa hanya.

A shekarar 1652 ya yi wa'azi a tsaunukan arewacin Ingila, inda ya tarad da jama'a masu yawa da suka riga suka gaji da cocin gwamnati suna neman wata hanya. Daga wannan shekara ake ƙirga kafuwar ƙungiyar. Gidan wata mata mai suna Margaret Fell, matar wani alƙali, shi ya zama masaukinsu da cibiyar wasiƙunsu. Sunan Kweka kuwa tun farko na ba'a ne. Asalinsa kalmar Ingilishi ce mai nufin karkarwa, kuma wani alƙali ne a garin Derby ya laƙaba musu shi a 1650, sa'ad da Fox, yana tsaye a gaban shari'a, ya gargaɗe shi da ya yi rawar jiki don tsoron maganar Ubangiji. Sunan ya bi su har yau, su ma sun daina ƙyamarsa.

Wannan aƙida ta hasken zuci ta haifar da halayen da suka jawo musu baƙin jini. Tun da kowa yana iya samun shiriya, sai suka ce ba su bukatar limamin da ake biya albashi, suka ƙi ba da ushirin da doka ta ɗora wa kowa don ciyar da cocin gwamnati. Suka bar mata su yi wa'azi a bainar jama'a. Suka ƙi tuɓe hula a gaban alƙali ko basarake. Suka ƙi yin rantsuwa a kotu, bisa hujjar cewa wanda ya rantse don a yarda da shi ya nuna ke nan yana da magana iri biyu, ta rantsuwa da ta yau da kullum, alhali mutumin kirki magana ɗaya gare shi. A farkon shekarar 1661 suka miƙa wa Sarki Charles na Biyu takarda suka bayyana cewa ba za su ɗauki makami don yaƙar kowa ba. Dubbai daga cikinsu sun sha ɗauri, ɗaruruwa sun mutu a kurkuku, shi kansa Fox an ɗaure shi sau takwas. A Boston ta Amurka an rataye wata mata mai suna Mary Dyer a 1660, saboda ta ƙi daina komawa garin da aka kore ta. Ba su sami sauƙi sosai ba sai da aka yi dokar sassauci ta 1689.

Akwai wani abu a nan da ya kamata ɗalibin harshe ya ɗan tsaya a kansa. Ingilishin wancan zamani yana da wakilin suna na mutum ɗaya da na jam'i, kamar yadda muke da "kai" da "ku", kuma al'ada ita ce a yi wa babba jam'i don girmamawa, a yi wa bara da yaro tilo. 'Yan Kweka suka ce mutum ɗaya ɗaya ne ko wane ne shi, suka riƙa ce wa alƙali da basarake "kai". Ni ban ga wannan abin koyi ne ba, domin ladabin harshe ado ne, kuma Bahaushen da ya ce wa surukinsa "kun kwana lafiya?" bai yi ƙarya ba. Sai dai abin yana nuna irin nauyin da suka ba kalma. Har wakilin suna sai da suka ɗora shi a kan ma'aunin gaskiya, suka kuma yarda a doke su a kansa.

Yadda Ake Zaman Shiru

Ɗakin taronsu na asali ba shi da mumbari, ba hotuna, ba ƙararrawa. Benci ne kawai aka jera suna fuskantar juna. Ranar Lahadi, wadda magabatansu suke kira Rana ta Farko don gudun sunayen ranakun Ingilishi da suka samo asali daga gumaka, jama'a sukan shigo ɗaya bayan ɗaya su zauna. Ba wanda zai buɗe taro, shirun shi ne buɗewar. Za a yi kamar sa'a guda a haka. Idan wani ya ji an ɗora masa wata magana wadda ya tabbata ba don kansa kaɗai aka ba shi ita ba, sai ya miƙe ya faɗe ta a taƙaice ya zauna. Ba a tafa masa, ba a mai da masa martani, kuma ba a so mutum ya yi magana sau biyu a zama ɗaya. Shiru ya sake rufe wurin har wani ya miƙe, ko kuwa a tashi ba wanda ya ce uffan. Alamar ƙarewa ita ce dattawa biyu su yi musafaha, sauran jama'a su bi.

Lalle ne a faɗa a nan cewa ba dukan 'yan Kweka na yau ne suke ibada haka ba. Ƙungiyar ta rarrabu, musamman tun daga ɓarakar da aka yi a Amurka a 1827, kuma mafi yawansu a yau suna da fastoci da waƙoƙi da wa'azi kamar sauran majami'u. Yawansu duka a duniya bai kai rabin miliyan ba, kuma ƙasar da ta fi kowace yawansu ita ce Kenya, inda 'yan mishan daga Amurka suka kafa sansani a Kaimosi a 1902. Zaman shiru ya fi ƙarfi ne a Birtaniya da gabashin Amurka. Amma shi ne tushen, kuma a kansa wannan rubutu ya tsaya.

To, me ya sa sai an taru? In dai shiru ne, ai mutum yana iya yin abinsa a ɗakinsa. Mun san halwa wurin sufayenmu, mun kuma san abin da malamai suke kira muhasaba, watau mutum ya yi wa kansa hisabi tun kafin a yi masa. 'Yan Kweka ma suna da irin nasu. Da yawa daga magabatansu sun bar littattafai na tarihin rayuwarsu, inda suka rubuta yadda suka yi ta kokawa da zukatansu, kuma har yau akwai jerin tambayoyi da ake karanta wa jama'a lokaci lokaci game da gaskiya a ciniki, da zaman iyali, da riƙon amana, don kowa ya amsa a ransa. Duk da haka sun nace sai an zauna tare. Babban abin da ya ƙarfafa wannan nacewa wani abin kunya ne da ya same su tun ƙungiyar tana jaririya.

Zuciya Ita Kaɗai

James Nayler tsohon soja ne mai fasahar magana, wanda a Landan wasu suke ganin ya fi Fox iya wa'azi. Wasu mabiya suka kewaye shi da yabo har suka fara kiransa da sunayen da ba su dace da ɗan Adam irinsa ba. A watan Oktoba na 1656 ya shiga birnin Bristol a kan doki, mabiyansa suna shimfiɗa tufafinsu a gabansa suna waƙa, watau suna kwaikwayon shigar Annabi Isa Birnin Ƙudus kamar yadda Linjila ta ba da labari. Shi a ganinsa alama ce yake nunawa ta hasken da ke cikin kowa, kuma zuciyarsa ce ta ba shi izni. Majalisar Dokoki ta same shi da laifin saɓo. Aka yi masa bulala a titunan Landan, aka huda harshensa da jan ƙarfe, aka yi masa lalas a goshi, aka jefa shi kurkuku. Daga baya ya yi nadama ya nemi gafarar 'yan'uwansa, ya rasu a 1660.

Hukuncin nan zalunci ne, babu ja. Amma ya tilasta wa 'yan Kweka fuskantar tambayar da duk mai cewa yana bin zuciyarsa dole ya fuskanta. Ta yaya mutum zai bambanta muryar shiriya da muryar son rai, tun da duka biyun daga ciki suke fitowa, kuma son rai gwani ne wajen sa rigar tsoron Allah? Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hangi na wani. Wanda yake tsaye a kan tudun yana bukatar wani daga nesa ya gaya masa inda yake tsaye.

Maganin da suka samo shi ne tsari. Bayan Fox ya fito daga kurkuku a 1666, ya zaga ƙasa yana kafa tarurrukan wata wata, waɗanda suke haɗuwa a na wata uku uku, sa'an nan a na shekara shekara. Daga nan ƙa'ida ta zama cewa duk wanda ya ji zuciyarsa tana tura shi ga wani babban al'amari, ko tafiyar wa'azi ce, ko aure ne, sai ya kawo maganar gaban taro a auna ta tare.

Yadda ake aunawar shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Ba a jefa ƙuri'a. Taron shawara yakan fara da shiru kamar na ibada. Magatakarda ya gabatar da batu, masu magana su yi ɗaya bayan ɗaya, da ɗan shiru a tsakani. Aikin magatakarda shi ne ya saurara har ya fahimci inda hankalin taron ya karkata, sa'an nan ya rubuta matsaya nan take ya karanta wa jama'a. In an yarda ta zauna, in ba a yarda ba ya gyara. Idan aka ga kawuna ba su haɗu ba, sai a ajiye batun zuwa wani zama. Wanda bai gamsu ba yana iya cewa ya kauce don kada ya tare wa jama'a hanya. Hujjarsu ita ce ƙuri'a tana nuna wanda ya fi yawa ne kawai, wanda ya fi gaskiya kuwa ba ta san shi ba, kuma takan bar waɗanda aka kayar da ƙullaci a zuciya.

Jama'a Ita Kaɗai

Da labarin ya tsaya a nan, da sai mu ce jama'a ita ce maganin kowace cuta. Amma wannan tsari da ya yi wa Nayler da irinsa linzami, shi ne kuma ya daɗe yana danne gaskiya a kan al'amari mafi girma da ya fuskance su, watau bauta.

A 1681 Sarki Charles na Biyu ya ba wani ɗan Kweka mai suna William Penn ƙasa mai faɗi a Amurka, wadda ta zama Pensilbaniya. A can waɗanda aka tsananta wa a Ingila suka zama masu mulki da masu dukiya, da yawansu kuma suka sayi bayi 'yan Afirka, har da shi kansa Penn. A 1688 wasu mutum huɗu daga ƙauyen Germantown suka rubuta takarda zuwa ga taronsu, suna tambaya yadda mutanen da suke cewa akwai haske a zuciyar kowa za su riƙa sayen mutum kamar dabba. Taron wata ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, ya miƙa ta ga na wata uku. Shi ma ya miƙa ta ga na shekara. Na shekara ya ce bai dace ya yanke hukunci a kanta ba. Aka ajiye takardar. Ga dalilin kuwa a fili: manyan da suke zaune a gaban taro su ne masu bayin, kuma tsarin da yake jiran kan kowa ya haɗu yana ba mai riba a cikin laifi damar ya riƙe jama'a duka.

Mutum biyu ne suka fi fice wajen karya wannan barci, kuma halinsu ya sha bamban. Na farko shi ne Benjamin Lay, wada ne mai ƙusumbi, tsohon matuƙin jirgin ruwa da ya ga azabar bayi da idonsa a tsibirin Barbados. A taron shekara na 1738, a garin Burlington, ya miƙe cikin shirun jama'a ya tuɓe rigarsa ta sama, sai ga kayan soja da takobi. Ya ɗaga wani littafi da ya rarake cikinsa ya ɓoye mafitsarar dabba cike da jan ruwan 'ya'yan itace, ya soke shi da takobin, jan ruwan ya fantsama a kan masu bayin da suke kusa. Aka ɗauke shi cak aka fitar da shi waje, aka kuma shelanta cewa ba ya cikinsu. Ya ƙare rayuwarsa a wani kogo, yana saƙa tufafinsa da kansa don kada ya sa abin da bawa ya wahala a kansa.

Na biyu shi ne John Woolman, tela ne kuma marubucin takardun ciniki da wasiyya, wanda aka haifa a 1720. Tun yana yaron kanti maigidansa ya sa shi ya rubuta takardar sayar da wata baiwa. Ya rubuta, amma abin ya tsaya masa a rai, daga baya ya daina rubuta duk wata takardar da za ta miƙa ɗan Adam daga hannu zuwa hannu. Shi bai yi ihu ba. Ya yi shekaru yana bin 'yan'uwansa gida gida, da takardar izni daga taronsu, yana zama da mai bayi yana yi masa tambayoyi cikin ladabi. Idan ya kwana a gidan da bayi suka yi masa hidima, sai ya biya ladan aikinsu kafin ya tafi. Ya daina sa rinannun tufafi domin gumin bayi yana cikin rinin. Ya rasu da ciwon agana a birnin York na Ingila a 1772.

A 1758 taron shekara na Filadelfiya ya hana masu saye da sayar da bayi shiga shawarar ƙungiya. A 1776 ya yanke cewa duk wanda ya ƙi 'yanta bayinsa a kore shi. Daga 1688 zuwa 1776 shekara 88 ke nan. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Gaskiya ne, amma ya kamata mu tambaya, wa ya biya kuɗin daɗewar? Ba masu zaman shirun ba ne. Mutanen da aka haifa a cikin bauta suka tsufa suka mutu a cikinta, su suka biya. Har bayan 'yanci ma, a tarurruka da yawa baƙar fata benci daban ake ba su, kuma ba safai ake karɓarsu a matsayin cikakkun 'yan ƙungiya ba.

Duk da haka adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Sa'ad da suka kai ga matsaya, ba su koma baya ba, domin matsayar ta kowa ce. A 1783 'yan Kweka na Birtaniya suka kai ƙorafi gaban Majalisa a kan cinikin bayi. A 1787, cikin mutum goma sha biyu da suka kafa ƙungiyar yaƙi da wannan ciniki a Landan, tara 'yan Kweka ne, kuma aikin wannan ƙungiya yana cikin abin da ya kai ga dokar 1807 da ta haramta shi. A ganina da Lay da Woolman kowane ya yi aikin da ɗayan ba zai iya ba. Lay ya hana jama'a barci, Woolman ya ba su hanyar tashi ba tare da sun ji an wulaƙanta su ba. A shekarun 2017 da 2018 tarurrukan da suka kori Lay suka fito suka amsa cewa shi ne yake kan gaskiya, bayan kusan shekara ɗari biyu da tamanin.

Kada a zaci darasin ya zauna sau ɗaya ya ƙare. Da yake ƙin rantsuwa da ƙin cocin gwamnati sun daɗe suna toshe musu ƙofar jami'o'i da muƙamai, 'yan Kweka sun karkata ga kasuwanci, kuma sunan da suka yi na faɗin farashi ɗaya da cika alkawari ya jawo musu arziki. Bankunan Barclays da Lloyds daga gidajensu suka fito, haka nan kamfanin Cadbury, masu yin Bournvita da muke sha, ko da yake tuni ya fita daga hannun zuriyar. A 1901 iyalan Cadbury suka sami labarin cewa kokon da suke saye daga tsibirin Sao Tome, wanda yake ƙarƙashin Fotugal, mutanen da aka kwaso daga Angola ne suke noma shi cikin halin da bai bambanta da bauta ba. Suka aika mai bincike, suka yi ta tuntuɓar gwamnatoci, ba su daina sayen ba sai a 1909. Wata jarida ta zarge su da munafunci, suka kai ta ƙara, suka yi nasara, amma diyyar da aka yanke musu rubu'in kwabo ɗaya ce, watau kuɗi mafi ƙanƙanta a ƙasar a lokacin. Haƙuri da bincike halaye ne masu kyau, sai dai idan mai haƙurin yana cin riba muddin yana jira, lalle ne ya tuhumi haƙurinsa.

Abin Da Ya Shafe Mu

Mu a Nijeriya mun taɓa ganin amfanin wannan tarbiyya ta saurare. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, wasu 'yan Kweka uku, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin, sun yi ta kai da komowa tsakanin Legas da ɓangaren Biyafara suna ɗaukar saƙo tsakanin Janar Gowon da Ojukwu. Ba su tsai da yaƙin ba, domin a fagen fama ya ƙare a watan Janairu na 1970. Amma ɓangarorin biyu sun buɗe musu ƙofa a lokacin da ba su yarda da juna ba, kuma ina ganin dalili shi ne an san su da kai magana yadda aka ba su ita, ba ƙari ba ragi. Irin wannan amana ce, tare da aikin agaji da suka yi a yaƙe-yaƙen duniya biyu, ta sa aka ba ƙungiyoyinsu biyu na agaji, ta Birtaniya da ta Amurka, lambar Nobel ta zaman lafiya a 1947.

Yanzu mu dubi tarurrukanmu, na ƙungiyoyin ɗalibai da na unguwa da na dangi. Sau nawa mutum yake sauraren mai magana, sau nawa kuma yake jiran ya rufe baki ne kawai don ya jefa tasa? Sau nawa ake tashi taro kowa ya tafi da abin da yake zaton an yanke, bayan mako biyu a fara musu? Addininmu da al'adarmu duka sun umurce mu da shawara, sun kuma gargaɗe mu cewa magana zarar bunu ce. Abin da muka rasa shi ne ƙananan ƙa'idojin da suke sa shawara ta zama shawara. Ina ganin akwai guda uku da za mu iya ara ba tare da mun taɓa aƙidar kowa ba. Na farko, a bar ɗan shiru tsakanin mai magana da mai bi masa, don amsa ta fito daga tunani. Na biyu, magatakarda ya rubuta matsaya ya karanta ta kafin a watse, kowa ya ji da kunnensa. Na uku, wanda ya fi wuya, a rubuta maganar wanda ya saɓa wa jama'a, a kuma sa ranar sake duba ta, musamman idan manyan taron suna da abin da za su rasa in ta tabbata. Da an yi wa takardar Germantown haka, wataƙila da ba ta kwana shekara 88 ba.

Haka nan ga mutum shi kaɗai. Wanda ya yi halwa ya fito da yaƙinin cewa shi ne mai gaskiya, ya nemi mutum biyu ko uku waɗanda ba sa tsoronsa ba sa kuma cin abincinsa, ya shimfiɗa musu abin da ya gani. In gaskiya ce, tambaya ba ta rage ta da komai. In kuwa son rai ne, gara ya ji daga bakin abokai a cikin ɗaki da ya ji daga bakin duniya a kasuwa.

Kammalawa

A taƙaice, na yi ƙoƙarin nuna cewa shirun 'yan Kweka yana da daraja ne saboda abin da aka kewaye shi da shi. An sa zuciyar mutum a ƙarƙashin gwajin jama'a bayan abin da ya sami Nayler, sa'an nan jama'ar kanta ta koyi, cikin jinkiri mai tsada, cewa mai tayar mata da hankali yana iya zama shi ne mai gaskiyar cikinta. Ba su zama waliyyai ba, kuma kurakuransu suna rubuce a cikin kundin tarurrukansu da hannunsu, abin da shi kansa ya cancanci yabo. Ina fata malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su auna wannan ra'ayi yadda ya kamata a auna kowane ra'ayi, su gyara inda ya karkace, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba mu kunnen jin gaskiya ko daga bakin wa ta fito, amin.